Shuɗin Ƙunshi a Ƙasan Tirela

Bari in fara da abin kunyar, in ya so sauran ya biyo baya. Ni ne mutumin da ya ɗauki likkafanin matarsa, tana nan da ranta da lafiyarta, ya miƙa wa mai sayen tarkace don ya sami inda zai cusa kwale-kwalen roba. Ni da ko a kududdufi ban taɓa iyo ba. A garinmu guga sai ta yi gaba talatin kafin ta ji ɗuriyar ruwa, amma da furfurata na tafi kasuwar Juma'a na saɓo jirgi. Da a kan wani aka ba ni wannan labari, da na yi dariya har na ƙware.

Karatuna aji uku ne, shi ma na ukun rabinsa a tasha na yi shi. Na bar gida ina yaron mota da niyyar zuwa Makka ta ƙasa, na maƙale a Sudan shekara tara. Can na koyi walda, can kuma na auri uwar 'ya'yana. Bahaushiya ce ta bakin kogin Nilu, kakanninta su ma niyyar Makka ce ta fito da su, suka yada zango, zangon ya zama gari. Daga baya muka gangaro Alƙahira, muka kama ɗaki biyu a unguwar Arba wa Nus, na buɗe 'yar warsha, wato shagon walda, ina ƙera ƙofofi da tagogi. Misirawa Usta suke ce mini, wato ogan sana'a. Ita kuwa Malam take ce mini, alhali ta san ko izu biyu ban haɗa ba. In na ji ta ja shi, "Maaalam," to na san na yi wata ɓarnar.

Tirelar da hannuna na ƙera ta. Bayan wata matacciyar a-kori-kura na samu, na yanke, na sa masa taya biyu da dogon hancin da ake maƙalawa a bayan mota. Na yi murfi biyu masu buɗewa hagu da dama, kowanne in ya kwanta ya zama gado. Na kai awo wurin masu ɗinkin tanti na tsohon gari, suka ɗinka mini tamfol mai kauri. Da an buɗe murfin an ɗaga sanduna, sai ka ga ɗaki ya tashi a kan taya. Maƙwabta suka sa mata suna akurki, ban ji haushi ba, don kuwa ta yi kama. Wanda ya zauna a unguwarmu ya san abin da zai sa mutum ya yi marmarin ganin sama ba ta tsakanin igiyoyin shanya ba. Bayan ƙaramar Sallah, da kuma in 'yan matanmu biyu sun sami hutun makaranta, mukan ja akurkinmu zuwa bakin tafkin Fayyum, wani zubin bakin teku a Ain Sukhna, mu kwana uku mu dawo da yashi har cikin kunne.

Shirya kaya aikinta ne. Nawa aikin shi ne tsayuwa a gefe da riƙe ƙugu ina cewa, "Nauyi a kan taya, nauyi a kan taya," don shi kaɗai na sani. Ita doka ɗaya gare ta, wadda ta gada daga kakarta da ta taka hanyar gabas da ƙafa: abin da za ka fara nema shi ke shiga ƙarshe. Saboda haka buta da tabarma su ne a sama, tunda duk inda aka sauka salla ake fara yi. Ƙarƙashinsu butar shayi da sukari, da kofunan gilashi kowanne a cikin tsohuwar safa. Sai guduma da turakun tanti a buhun shinkafa, igiyoyi kowacce a naɗe ita kaɗai don kada su yi kokawa a hanya. Sai barguna. Sai tukwane, ƙarama cikin babba, cokula da wuƙa a cikin autarsu. 'Yar tukunyar gas, anbuba a bakin Misirawa, a tsaye take tafiya, a ɗaure a kusurwa. Jarkokin ruwa huɗu daidai kan tayoyi, wannan kam ta yarda da ni. Garin tuwo, da kuka da daddawar da ɗalibai ke kawo mana daga gida, da busasshiyar kuɓewar da take kira weka irin na mutanen Sudan, duk a cikin bokiti mai murfi. Gurasa kuwa sai ranar tafiya da asuba ake saye, ta hau cinyar yara.

Can ƙasa, a ƙarƙashin daɓen tirelar, akwai wani akwatin ƙarfe da na yi mai murfi. Nan ne wurin abin da za a nema a ƙarshen komai. Nan take ajiye likkafaninta.

A zuriyarsu kaf, mahaifiyarta, Inna, ita ce kaɗai ta ƙarasa tafiyar da kakanni suka fara. Da ta je Makka ta sayi farin yadi, ta tsoma shi a Zamzam, ta shanya, ta raba biyu, rabi nata rabi na 'yarta. Ranar da za mu baro Sudan ta danƙa mata a tasha, ba su kuma sake ganin juna ba. A gidansu ba a tafiyar kwana ba tare da shi ba. Tafiyarmu ta farko da tirela na yi mata tsiya.

Na ce, "Uwargida, Fayyum fa za mu, ba lahira ba."

Ta ce, "Duk wanda ya tafi lahira, Malam, wani wurin ya ce za shi."

To kun ji, na san da likkafanin. Abin da ban sani ba shi ne kamanninsa. Shekara goma sha biyar ana loda tirelar nan a gabana, ban taɓa sunkuyawa na leƙa akwatin ba. A zatona yana cikin wata jaka mai tsabta mai zif, irin ta alhazai.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, washegari za mu Fayyum. Ta gama shirya komai da hantsi, ta ɗauki mayafi za ta unguwar Ard al-Liwa barkar haihuwar wata 'yar garinsu. A bakin ƙofar warsha ta juyo ta ce, "Na gama. Kada ka taɓa mini komai." Na ce ni da taɓa kayan mata, Allah ya kiyaye. Kwale-kwalen kuwa kwanansa biyar a ɓoye a bayan tulin ƙarafa, da famfonsa da filafilai biyu. So nake in ba su mamaki, su ga ubansu a kan ruwa.

Tana shan kwana na hau sauke kaya. Na gwada nan, na gwada can, jirgi ya ƙi shiga. Sai na tuna da akwatin ƙasa. Na ɗaga murfi, na tarar da tsohuwar fitilar ƙwai, da wata tukunya da ta lotse, da guntuwar tabarma, da wani ƙunshi a cikin shuɗin zane da ya koɗe har ya fara komawa toka. Na matsa shi da hannu, na ji laushi. Na ce a raina, mata da ajiyar tsumma. Ban kwance ba. Da na kwance, da ba na zaune ina wannan rubutu.

Kamar an aiko shi, sai ga mai robabikiya, wato mai sayen tarkace, da keken jakinsa yana rangaɗa kiran nan nasu, "Bikiyaa!" Na yafito shi, na jibga masa fitila da tukunya da tabarma da ƙunshi, har ina yi masa godiya da ya raba ni da shara. Jirgi ya shige akwati ɗas, kamar don shi na ƙera. Na mayar da sauran kaya yadda na gan su, ina yabon kaina.

Da asuba ta zagaya tirelar sau ɗaya, ta tsaya.

"Maaalam. Buta ta koma hagu."

"Nauyi na ɗan daidaita."

"Nauyin buta?"

Yara suka yi dariya, na ce yalla, mu tafi, rana na yi. Al'adarta ce in mota ta fara tafiya ta yi mini tambaya uku, ni kuma in amsa da "tamam", wato komai daidai, ba tare da na saurara ba. Ruwa? Tamam. Turaku? Tamam. Ƙunshin Inna? Tamam. A ranar, da yake ta ga na taɓa kaya, sai ta ƙara kalma biyu.

"Ƙunshin Inna, shuɗin nan, yana ƙasa?"

Mun riga mun hau babban titi, manyan motoci na wuce mu ta kowane gefe. Sai a lokacin na gane abin da na ba mai robabikiya. Bakina kuwa, da ya saba, bai jira ni ba. Ya ce, "Tamam."

A bakin tafki na lallaɓa na ciro jirgin lokacin da ta juya baya tana haɗa shayi. Na hura shi har jijiyar wuyana ta tashi. Na ja shi cikin ruwa iya gwiwa, na shiga na zauna ina ɗaga wa yara hannu. Ko filafili ban tsoma ba na ji yana huci ta ƙarƙashina. A hankali ya naɗe ni ta gefe da gefe kamar ana ƙulla alala, na zauna daɓas a cikin taɓo. Masuntan wurin suka yi ta ihu, "Ya kabtin! Ya kabtin!" 'Yan matan suka faɗi a yashi. Ita kuwa ta yi dariya har tana share hawaye da gefen mayafi, tana cewa, "Wayyo cikina, Malam, Allah ya bar mana kai." Rabon da in ga ta yi irin wannan dariyar tun kafin labarin rasuwar mahaifiyarta ya iso mu. Sau biyu a yinin nan na buɗe baki zan faɗa mata. Sai in dubi fuskarta in ce bari dai mu koma gida, wataƙila in samo shi, ba sai ta ji ba.

Muna dawowa na rufe warsha na shiga neman mai robabikiya. Wanda bai taɓa neman mai keken jaki ɗaya a cikin Alƙahira ba bai san girman garin nan ba. Kwana huɗu ina bin lunguna, duk kiran "bikiya" da na ji sai in ruga, in tarar da wani ne. A na biyar na same shi a gindin wata gada yana shan shayi. Shuɗin zanen na fara gani, an shimfiɗa shi a gadon bayan jakin a ƙarƙashin sirdi.

Na ce, "Ya hajji, abin da ke cikin zanen nan fa?"

Ya ce, "Ya Usta, kaya in sun hau keken nan sun zama na duniya."

Na gaya masa ko mene ne. Ya ajiye kofin, ya yi salati, ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, ya fi sau goma. Ya ce farin yadi ne mai kyau, bai kwana a hannunsa ba, wani mahauci ya karɓa a kasuwar da ke bayan gadar, amma bai riƙe fuskarsa ba. Ya zare zanen daga bayan jakin ya ba ni da hannu biyu.

Mahautan garin nan da farin yadi suke naɗe nama in sun rataye shi, saboda ƙuda da ƙura. Na shiga layinsu na tsaya. Shago ya fi goma, kowanne da cinyoyin shanu a rataye cikin farin yadi, jini ya ɓullo ta jiki ya yi ja-ja. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kallo, kamar zan gane Zamzam da ido. Wani ya ce mini, "Kilo nawa, ya hajji?" Na juya na fita. Na yi wata uku nama bai wuce maƙogwarona ba. Ta zaci haƙori ne, ta riƙa dafa mini shi har ya narke.

Daga nan sai na yi abin da wawa yake yi in ya fasa tulu, wato ya tsaya jera gutsattsarinsa. Na wanke zanen sau uku da sabulu har warin jaki ya fita. Na sayo farin yadi. Akwai wani ɗalibi magidanci, mutumin Zariya, da muke salla masallaci ɗaya, bai daɗe da dawowa daga Umra ba. Na roƙe shi Zamzam, ya ba ni a 'yar kwalba kamar ta turare. Na ce ina da tambaya, amma ta wani abokina ce. Na ba shi labari duka.

Ya ce, "Baba, a shari'a kowane farin yadi mai tsarki ya wadatar. Mamaci ba ya cutuwa da wannan."

Na ce alhamdu lillahi, na miƙe.

Ya ce, "Amma matar tana raye ai. Abokin naka ya gaya mata."

Na ce, "Abokin nan nawa matsoraci ne, Malam."

Ya ce, "Na ga alama."

Na hau rufin warsha na shimfiɗa yadin, na yayyafa masa ruwan da yatsu kamar mai guga, na bar shi ya sha rana. Na ninke, na naɗe a shuɗin zane, na ɗaure da ɗaurin da na iya, irin wanda muke ɗaure kaya da shi a bayan mota. Na mayar akwati na rufe. Har shayi na saya wa kaina a ranar, wai na yi dabara.

Shekara huɗu muka ƙara muna tafiye-tafiyenmu. Duk ranar shiri takan ɗaga murfin akwatin, ta ɗora tafin hannu a kan ƙunshin, ta ɗan jima, ta rufe. Ni kuma ina gefe ina ta "nauyi a kan taya" da ƙarfi fiye da da. A mota takan ce, ruwa? Tamam. Turaku? Tamam. Sai ta juya tana kallon taga. Ta daina tambaya ta uku. Da yake kaina ƙwarya ce, sai na ɗauka tsufa ne ya fara sa ta mantuwa, har ina gode wa Allah.

Na yi niyyar faɗa mata, kada a ce ban yi ba. Na yi niyya a Ain Sukhna, muna zaune mu biyu a kan tabarma yara sun tafi tsintar kwanson teku. Na yi niyya ranar wata Sallah da ta yafe mini wani laifin daban, na ga ƙofa a buɗe. Kullum sai in ce ba yau ba, yau tana cikin farin ciki, ko ba yau ba, yau ranta a ɓace yake. Tsakanin waɗannan biyun ban taɓa samun ranar da ta dace ba.

Sai ciwon ƙoda ya zo. Ƙafafunta suka kumbura, aka fara kai ta wanki sau uku a mako, babbar 'yarmu ke raka ta. Matar da ke ɗaga jarkar ruwa da hannu ɗaya ta koma sai an riƙe ta a matakala. Tafiya ta ƙare. Tirela ta zauna a filin warsha, tayoyi suka sace, kyanwa ta haihu a cikin tamfol. Yanzu kuma faɗar ta ƙara wuya, don abin da ke cikin akwatin ya daina zama kayan wata rana mai nisa. Ina kallonta tana ramewa, ina tunanin shuɗin ƙunshi, in sauka warsha in kunna injin yankan ƙarfe ba tare da ina da abin yankawa ba.

Da mai filin ya ce yana son wurinsa zai yi gini, dole tirela ta tashi. Na ce zan kwashe kayan ni kaɗai. Ta ce a'a, ita ta shirya su, a gabanta za a sauke. Bayan la'asar babbar 'yarmu ta sauko da ita a hankali, ta ajiye mata kujera a inuwar bango, ta rufa mata bargo a ƙafa duk da ana zafi.

Na riƙa ciro kaya tana faɗin inda kowanne za shi. Buta da tabarma a kai masallaci. Butar shayi a hau da ita sama. Tukwane na ƙaramar ne, tunda aurenta ya matso. Da na ciro buhun turaku ta ce, "Waɗannan kai za ka riƙe, ko ka sami abin ɗaure bakinka." Muka yi dariya, tata ba ta da ƙarfi. Barguna suka fita, jarkoki suka fita, anbuba ta fita. Daɓen tirela ya bayyana, saura murfin ƙarfe.

Ta ce wa yarinyar, "Hau da tukwanen nan, ki ɗora mana shayi. Kada ki yi sauri."

Muka rage mu biyu. Ta ce, "Miƙo mini." Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara, na ɗaga murfin na ciro ƙunshin na ɗora mata a cinya. Ba ta kwance ba. Ta dafa shi da hannu biyu, tana shafa ƙullin da babban yatsa. Ni kuwa ina durƙushe a gabanta, na kasa tashi, na kasa ɗaga ido.

Bayan mako uku ta rasu, ranar Litinin da hantsi, a cikin wannan yadin aka sa ta. Matan da suka yi mata wanka sun ce wa 'ya'yana sun yi sa'ar kaka, ba kowa ke samun suturar Zamzam daga hannun uwa ba, yaran suka yi kuka suna jin daɗi. Ban gyara musu ba. A cikin mako ukun nan kullum ina gefen gadonta, na ba ta ruwa a cokali, na gyara mata matashi, mun yi hirar Sudan da ta auren ƙaramar, amma abin da ta faɗa mini a filin warsha ban ba ta amsarsa ba. Yarinyar ce ta sauko da shayi a lokacin, na miƙe da sauri na karɓi tire, na yi ta surutu a kan sukari ya yi yawa.

A ranar, da hannunta a kan ƙullin, ba da faɗa ta faɗe shi ba, ba ta ma ja sunan ba. Cewa ta yi:

"Malam, Inna ba ta iya ɗaurin direba ba. Shekara huɗu ke nan ina zuba ido ka gaya mini da bakinka."